Daga Maraɗi zuwa Abuja ta Dajin Birnin Gwari: Haɗakar da Ba a Taɓa Ƙullawa Ba

A daminar 1826 wani Baturen Birtaniya mai suna Hugh Clapperton, wanda mutanen Sakkwato suka fi sani da Abdullahi, ya biyo hanyar fatake daga Busa, ya ratso arewacin ƙasar Nufe, ya yada zango a Birnin Gwari kafin ya wuce Zariya. Abin da ya rubuta a kan garinmu Birnin Gwari bai taka kara ya karya ba, amma akwai bayani guda a ciki da ya fi tsayin labarin nauyi. Ya tarar da gari mai ganuwa, wanda a dā yake bin Katsina, masu jihadi suka ci shi, bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817 kuma ya juya ya shiga sahun masu tawaye, tare da Gobirawa da wani sashe na Katsinawa da Zamfarawa.

Masu tawayen nan ba 'yan tsiraru ba ne, sarakuna ne da tamburansu da 'yan majalisarsu, gari kawai aka raba su da shi. Birnin Kebbi ya faɗi a 1805, Katsina a 1807, Alƙalawa da Zariya duk a 1808. Katsinawa suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa musu sabuwar sarauta a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa suka yi ta gantali da sarautarsu har suka zauna a Tsibiri, kusa da Maraɗin. Kabawa daga baya suka yi ƙarfi a Argungu. Sarkin Zazzau Makau kuwa kudu ya nufa, ya sauka Zuba, aka kashe shi a kusa da Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gina Abuja a 1828, garin da yau muke kira Suleja. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Daular Sakkwato ta iya murƙushewa har Turawa suka zo.

To, ɗauki taswira ka ɗora yatsa a Maraɗi, ka ja shi kudu zuwa Suleja. Kimanin kilomita 480 ne a miƙe. Idan ka ɗan karkata yatsan yamma don ka kauce wa Katsina da Zariya, za ka ga ya bi ta dajin Rugu, ya sauko gefen Kuyambana, ya ratsa Kamuku, ya faɗa ƙasar Gwari. Kusan daji ne tun daga sama har ƙasa, Birnin Gwari kuma na zaune a tsakiyar wannan zare. Yamma da zaren Sakkwato ce da Gwandu, inda tuta da hukunci suke. Gabas da shi Kano da Zariya da Katsina da Bauchi, inda dukiya da jama'a suke. Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a ka ita ce: da a ce Katsinawan Maraɗi da Zazzagawan Abuja sun haɗe sun zama ƙarfi ɗaya, Birnin Gwari na riƙe musu tsakiya, da me ya faru?

Kafin wani ya ce wannan aikin marasa aikin yi ne, bari in ce masana tarihi a ko'ina suna yin irin wannan lissafi, don shi ke nuna maka wane ginshiƙi ne ainihin yake riƙe da daula. Akwai ma wata haɗaka irin wannan da Turawa suka daɗe suna tattaunawa a kanta, wadda ita har an kai ga sa rana kafin ta watse.

Rumawa dai mun san su, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, sarkinsu Hirƙal kuma yana cikin waɗanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa wasiƙa. Babban birninsu Ƙusɗanɗiniyya, wato Santambul ta yanzu. Daga 1143 zuwa 1180 wani sarki mai suna Manuwel Komnenos ne ke kan gadonsu. Ta gabas Turkawan Saljuƙ sun cinye masa yawancin Anatoliya, ta yamma ga sarkin Jamus Firedirik Barbarosa yana hararar sa, ta arewa kuma, a tsallaken kogin Danub, ga masarautar Hangari mai dawakai da mayaƙa, wadda suka daɗe suna gwabzawa da ita a kan iyaka. Mahaifiyar Manuwel ɗin ma 'yar sarkin Hangari ce. Shi kuma a lokacin ba shi da ɗa namiji, sai 'ya mace, Mariya.

A 1163 aka yi sulhu, aka kawo Bela, ƙanen sarkin Hangari, yaro ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka, fadar Rumawa. Aka sauya masa suna zuwa Aleksiyos, aka ba shi sarautar da ba mai bin sarki sai shi, aka yi masa baiko da Mariya. A 1165 Manuwel ya sa manyan fadarsa suka yi rantsuwa cewa bayan ransa waɗannan biyun ne magada. Da abin ya tafi a haka, da mutum ɗaya zai iya riƙe gadon Rum da na Hangari. Iyakar Danub ta daina cin sojoji, a kwashe su a kai gabas a fuskanci Turkawa. Dawakin Hangari su haɗu da zinariya da jiragen ruwan Rum. Gaɓar Dalmashiya, wadda mutanen Benis ke kwaɗayi, ta shiga hannu ɗaya. Masu son wannan lissafi har cewa suke ƙila da ba a washe Ƙusɗanɗiniyya a 1204 ba, ƙila ma da Usmaniyawa ba su sami ƙofar shiga Turai da sauƙi ba.

Sai matar Manuwel ta biyu ta haifa masa ɗa namiji a watan Satumba na 1169. Shi ke nan. Aka warware baiko, aka rage wa Bela sarauta, aka aura masa 'yar uwar matar sarki don a rarrashe shi. Da yayansa ya rasu a 1172 ya koma gida ya hau gado, amma babban limamin cocin ƙasar ya ƙi naɗa shi, sai wani ne ya naɗa shi a 1173, ƙila domin tun 1054 cocin Rum da na Fafaroma suka raba gari, mutanen Hangari kuma 'yan ɓangaren Fafaroma ne, ba su gama yarda da yaron da ya girma a hannun Rumawa ba. Bela ya riƙe alkawari muddin Manuwel na raye, har dakaru ya aika masa a yaƙin Miriyokefalon na 1176, inda Saljuƙawa suka karya Rumawa. Manuwel na rasuwa a 1180 ya sa hannu ya ƙwace ƙasashen iyakar da ake ta rigima a kansu.

Jariri guda ya rushe abin da aka yi shekara shida ana ginawa. Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, mu dawo gida.

Ta fuskar lissafin yaƙi, Maraɗi da Abuja kowa na da abin da ɗan uwansa ya rasa. Maraɗi na bakin Sahel, tana da hanyar samun dawaki daga Azbin da Adar da Damagaram, tana da barade masu sulke da lifidi waɗanda suka saba sukuwar kwanaki su faɗa wa gari da asuba. A zamanin sarkinsu Ɗan Baskore harinsu ya riƙa kaiwa har yammacin Kano. Abuja kuwa tana cikin duwatsu, doki ba ya daɗewa a can saboda tsando, amma tana da 'yan baka na Gwari da Koro da suka san kowane kwazazzabo, kuma tana zaune daf da hanyar da ta taso daga Zariya ta bi Keffi ta sauka Binuwai, hanyar da bindiga da albarushi da kayan Turawa ke haurowa. Doki ya gangara kudu, albarushi ya haura arewa. Ko a takarda ma abin ya yi kyau.

Ga kuma hanyar goro. Ayarin da ya tashi daga Kano zai je Gwanja, ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsa ita ce ya bi ta Zariya, ya ratsa Birnin Gwari, ya yi yamma ya haye Kwara, ya bi ta Borgu har Salaga. Jakuna da takarkarai ɗaruruwa, madugu a gaba da shawara, jagaba yana duba hanya, ana tafe da kanwa da tufafin Kano da fatu, a dawo da goro a cikin huhu. Kowane sarkin da ke kan hanyar yana karɓar kuɗin wucewa. Wanda ya riƙe Birnin Gwari da ƙarfin da zai iya buɗe ƙofa ya rufe a lokacin da ya ga dama, ya kama attajiran Kano a wuya ba tare da ya harba kibiya ko ɗaya a ganuwarsu ba.

Amma babbar ribar tana wajen siyasa. Daular Sakkwato ba ta da rundunar dindindin da ke zaune a kowace masarauta. Abin da ke riƙe ta shi ne mubaya'a, da wasiƙu, da gaisuwar da sarakuna ke aikawa, da rangadin Waziri, wanda Kano da Zariya ke ƙarƙashin kulawarsa. Duk waɗannan sai da hanya. Da hanyar nan ce Sakkwato ta tuɓe Sarkin Zazzau Abdullahi har sau biyu, ta tuɓe Sambo a 1888. Hanyar kuwa dama a tsorace ake bin ta. Lokacin da Bature Heinrich Barth zai je Wurno daga Katsina a 1853, dare da rana suka yi suna ratsa dajin Gundumi ba yada zango, don tsoron Gobirawa. Idan hanyar arewa na hannun Gobirawa da Maraɗawa, aka kuma toshe ta kudu daga Birnin Gwari, sai ya zamana Sarkin Musulmi na aika saƙo ba ya isa, sarakunan gabas kuma su fara sabawa da yanke hukunci ba su jira kowa ba.

Akwai wani abokin aikina, dattijo ne da ya koyar da tarihi tun ina ɗalibi, wanda duk sanda zancen nan ya taso sai ya tsaya a nan. Ya taɓa ce mini, "Kai yaro, da waɗannan biyun sun gane kansu, da daular ta rabe gida biyu tun kafin Bature ya leƙo." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to wa zai zama sarki a cikinsu?" Ya yi dariya ya ce in bar wannan tukuna. Ni kuwa a ganina wannan ɗin ba ya baruwa.

Sarkin Maraɗi bai taɓa kiran kansa Sarkin Maraɗi ba, Sarkin Katsina yake. Na Abuja kuma Sarkin Zazzau. Kowannensu burinsa ya koma gidan ubansa ya hau gadon da aka raba shi da shi, ba ya kafa sabuwar daula da wani ba. Katsina da Zazzau kuma tun kafin jihadi ba a taɓa jin ɗaya ta yarda ta zama ƙanwar ɗaya ba. Abin da ya haɗa su abokin gaba ne kawai, kamar kishiyoyi biyu da suka haɗa kai don amarya ta shigo gida. Ranar da amarya ta yi yaji, a ranar za su tuna tsohuwar gabarsu.

Idan kuma aka ce a ƙulla abin da aure, yadda Manuwel ya so yi, to ƙasar Hausa ta riga ta ga irin wannan fim. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa suka gangaro ƙasar Zamfara a matsayin baƙi. Babari ya aurar da 'yar uwarsa ga Sarkin Zamfara, aka ba su wurin zama a gonar alƙali, wurin da ya zama Alƙalawa. Ba a daɗe ba, a wajen shekarun 1760, surukin ya juyo ya ci Birnin Zamfara. Duk wani basarake na ƙarni na 19 ya san wannan labari, ya san cewa surukin da ya fi ka doki, idan ka ba shi masauki, gidan zai nema. Sarkin Abuja da zai buɗe wa baraden Maraɗi ƙofa, sai ya fara tambayar kansa ta inda zai fitar da su.

Ba sai mun yi hasashe ba ma, don an gwada haɗakar a inda ta fi sauƙi. Maraɗi da Tsibiri maƙwabta ne na ƙut da ƙut, mai doki ya karya kumallo a ɗaya ya yi sallar walha a ɗaya. Katsinawa da Gobirawa sun fita yaƙi tare, har da Abzinawa a bayansu, suka haɗu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke a 1836. A nan aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda a rana ɗaya. Sun farfaɗo bayan haka, har Sarkin Musulmi Atiku ya rasu a 1842 a kan hanyar dawowa daga yaƙin Tsibiri. Amma ba su taɓa zama sarauta ɗaya ba. Gidan sarautar Gobir ma kansa rabewa ya yi, Ɗan Halima ya yi sulhu da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ya kafa Sabon Birni. A Maraɗi, zuwa shekarun 1890, Ƙaura Hasau ne ke naɗa sarki ya tuɓe, har Sarki Mijinyawa ya kwashe nasa mutanen ya koma Tasawa. Sakkwato ta ƙware wajen karɓar ɗan sarkin da ya yi fushi, ta ba shi gari da tuta. Waɗanda tsakaninsu tafiyar hantsi ce ba su haɗe ba, balle waɗanda tsakaninsu tafiyar makonni ce a daji.

Dajin kansa kuma sai wanda bai san shi ba ne zai ɗauke shi titi. Wanda ya taɓa shiga Kamuku a watan Agusta ya san abin da nake nufi. Gamba takan yi tsawon da mahayin doki sai dai ka hango rawaninsa. Ƙasa ta jiƙe ta yi laka, kofato ya nutse, kowane ɗan rafi da ka tsallake da ƙafa a rani ya cika ya batse yana jan itace. Ƙarƙashin doka da kaɗanya da maɗaci duhu ne tun la'asar, a bakin ƙorama kuma tsando na jira, ya ciji doki yau, bayan 'yan makonni ka ga ya rame, gashinsa ya tashi, ya sunkuyar da kai ya ƙi cin harawa. Sai bayan kaka, an ƙone ciyawa, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da toka, sabon tsiro ya fara leƙowa, sannan runduna ke iya motsi. Wato wata biyar ko shida a shekara zaren nan da muka ja a taswira a tsinke yake. Daji yana ɓoye mahara ɗari biyu su wuce ba a gan su ba, wannan gaskiya ne. Amma ba ya ciyar da runduna ta dubbai, ba a tara haraji a cikinsa, alƙali ba ya zama a cikinsa. Maraɗawa sun iya ratsa shi su kai hari su koma. Riƙe shi wani aiki ne daban, yana bukatar garuruwa masu ganuwa a jere, da rumbuna, da mutanen da za su yarda su noma su ciyar da baƙin mayaƙa kowace shekara.

Ga kuma Abuja da kanta ta sauya lissafi. A zamanin sarakunanta na farko ƙofarta a rufe take ga baƙi. Abu Kwaka, wanda ake kira Dogon Sarki, da ya yi mulki daga 1851 zuwa 1877, shi ya buɗe gari ga fatake. Daga nan kasuwa ta zama abin da ake ci da ita, wanda kuma yake cin ribar fatauci ba ya son a kashe hanyar gaba ɗaya, ya fi son a bar ta da rai ya riƙa tatsa. Ba ni da shakka cewa da manzon Maraɗi ya zo da batun toshe hanyoyin Kano, da akwai manyan fada a Abuja da za su yi ta gyaran murya.

A ce ma duk an tsallake waɗannan, an haɗe. Sakkwato ba za ta naɗe hannu ba, kuma mun san irin amsar da takan bayar, don ta bayar. A arewa Bello ya jera ribaɗi, shi da kansa ya tare a Wurno har ya rasu a can a 1837. Da mutanen yankin Ruma suka goyi bayan Ɗan Mari na Maraɗi, Sarkin Katsina Siddiƙu ya afka musu, garuruwa suka watse, wurin ya koma daji, dajin da har gobe muke fama da shi. A namu ɓangaren kuma amsar ita ce Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, wanda aka naɗa Sarkin Sudan a 1859 ya kafa Kwantagora a 1864. Ko an yi niyya ko ba a yi ba, Kwantagora ta zauna daidai inda za ta datse duk wani zare da zai haɗa arewa da kudu. Ɗansa Ibrahim, da ya hau a 1880, shi ya mayar da ƙasashen Kamuku da Gwari da Kambari farautar bayi, har Turawa suka ci Kwantagora a farkon 1901. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mutanen Mai Sudan, wato Sarkin Sudan ɗin, suka kama 'yan gidansu a can kan iyakar Kano da Zazzau, sai da aka tara kuɗi aka fanso su. Idan hannunsa ya kai can, sai a ƙiyasta abin da na kusa suka gani.

Nan ne ni kam nake rabuwa da masu sha'awar irin wannan haɗaka, ta Rumawa ce ko tamu. Suna kallon abin daga fada, ni kuwa daga tsakiya nake kallonsa, don a tsakiya aka haife ni. Tsakanin Rum da Hangari akwai wasu garuruwa biyu da ke kallon juna a bakin kogi, Belgired da Zemun. Marubutan Rumawa sun ce a 1127 mutanen Hangari suka rushe ganuwar Belgired suka kwashe duwatsun suka gina Zemun. Bayan shekara ashirin da 'yan kai Manuwel ya zo ya rushe Zemun, aka mayar da duwatsun aka sake gina Belgired. Ba wanda ya rubuta mana sunan waɗanda suka yi dakon duwatsun sau biyu. Ko a shekarun da Bela ke zaune a fadar Rumawa a matsayin magaji, ba a daina yaƙi a wannan yanki ba, babban gumurzun Sirmiyum ma a 1167 aka yi shi, ana tsakiyar baiko. Da Maraɗi da Abuja sun haɗe, Birnin Gwari ce za ta zama Zemun ɗinsu. Ita za ta ciyar da dawakin da ke wucewa, ita za a fara kewayewa duk sanda Zariya ko Kwantagora ko Katsina suka tashi rama gayya, sarakunan biyu kuwa kowa na can nesa a bayan ganuwarsa. Wanda ya bi hanyar Funtuwa ya tsaya a Tsohuwar Birnin Gwari zai ga abin da ya rage na gari, wanda bai ma kai ga zama cibiyar wata haɗaka ba, kasancewarsa a kan hanya kaɗai ta ishe shi wahala.

Iyakar abin da nake ganin haɗakar za ta iya shi ne ta tsananta abin da dama ake ciki: hanyoyi su ƙara tsada, goro ya ƙara kuɗi a kasuwar Kurmi ta Kano, sarakunan gabas su ƙara cin gashin kansu. Rusa daular kuwa ban gani ba. Daular da ta sha basasar Kano daga 1893 zuwa 1895, Yusufawa suka kori wanda Sakkwato ta naɗa, amma duk da haka jagoransu Aliyu Babba ya koma ya nemi amincewar Sarkin Musulmi, ba toshe hanya kaɗai ne zai kwance ta ba. Abin da ke ɗaure da ita ya haɗa da aƙida da ilimi da auratayya tsakanin gidajen malamai, masu tawaye kuwa ba su da wata kira guda da za su tara jama'a a kanta sai ta a mayar wa kowa gadon ubansa.

Turawa ne suka rufe babin. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka ja iyaka, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa, Abuja da Birnin Gwari hannun Ingila. Birnin Gwari ta zauna a Lardin Zazzau da sarautarta mai zaman kanta. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 ya zama gandun ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100.

Sai dai zaren bai mutu ba, wasu ne suka gaje shi. Hanyar da baraden Maraɗi suka bi da dawaki, yau ita ake bi da babura, daga Rugu zuwa Kuyambana zuwa Kamuku zuwa dazukan jihar Neja. Abin takaicin shi ne haɗakar da sarakuna suka kasa, 'yan bindiga sun yi irin tasu, don su ba gado suke nema ba, wucewa da maɓoya kawai suke bukata, su kuwa daji na bayarwa. Yanzu masu neman haɗa kai su ne gwamnatoci. A 2015 gwamnonin jihohin da suka kewaye dajin suka haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro Kamuku da Kuyambana, aka ƙwato shanu masu yawa, amma abin bai ɗore ba. Zuwa 2019 Bello Matawalle na sulhu a Zamfara, Aminu Masari ya gwada nasa a Katsina, Nasiru El-Rufa'i kuma ya ce shi ba ruwansa da sulhu a Kaduna. Daji ɗaya, manufa uku. Wanda aka matsa wa a nan sai ya tsallaka can ya huta. A 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, daga baya aka katse a wasu sassan Katsina da Kaduna, har da namu.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi bikin sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Motocin masara da na shanu sun koma bin hanyar Kaduna, mutane sun koma gonakin da suka bari, ba kuwa wanda ya sha wahalar shekarun nan da zai raina wannan. Amma sulhun na jihar Kaduna ne. Kogin Mariga shi ya raba Kamuku da Kuyambana, daga tsallakensa Zamfara ce, mai nata gwamnan da nata tsarin, da rani kuma ko babur ba ya jin nauyin haye shi.